Iskokin da Wuta Ke Saki: Jawabi ga Dattawa da Ƴan Ci-rani na Yekuwa

(Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin malaman lakwal na ƙungiyarmu ya yi a zaman da ya wuce. Mun buga shi saboda waɗanda ba su samu zuwa ba, musamman na Damagaram, da Kano, da Agadas. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.)

Ranku ya daɗe iyayenmu dattawa, Allah ya gafarta malamai, shugaban ƙungiya, iyayenmu mata, da ƴan'uwana waɗanda suka komo daga wurin bida, da baƙinmu na wajen Magarya da Dungas, ina gaishe ku duka, ina kuma neman iznin magana.

An ce in yi bayani a kan wuta, tun da ga ɗari ya kama. To, ba zan tsaya gaban iyayena in ce zan koya musu hura wuta ba, sun hura ta tun ba a haife ni ba. Abin da na kawo shi ne labarin abin da wuta ke saki, wanda ido ba ya gani. Hayaƙi kowa ya san shi, yana sa hawaye, yana sa tari, mutum ya kauce. Amma tare da hayaƙi akwai waɗansu iskoki da ke fita, kuma kowane abu da irin tasa iskar in ya ƙone. Abu biyu ne ke sa a san wace iska za ta fito: abin da aka ba wuta ta ci, da yawan iskar da ta samu tana ci. Duka biyun sun sake a Yekuwa cikin shekarun nan, mu kuwa muna nan da hannun da muka gada.

In na ce iskoki, kada wani ya ɗauka mutanen ɓoye nake nufi. A lakwal ana ce da su gaz. Iskar nan da muke shaƙa ba abu guda ba ce, gauraye take. In aka raba ta kashi 100, kimanin kashi 78 wata iska ce da ake kira azot, ita ba ta hura wuta, ba ta kuma rayar da mutum ita kaɗai. Kashi 21 shi ne oksijan, shi ne ke riƙe da ranmu bisa ikon Allah, shi ne kuma abincin wuta. Wani masani na ƙasar Faransa, Lavuwaziye, shi ya raɗa masa wannan suna wajen shekara ta 1777, ya nuna cewa ƙonewa ba kome ba ce illa haɗuwar abu da oksijan. Watau ke nan mutum da wuta a akushi guda suke ci. In suna ɗaki guda a rufe, to, kishiyoyi ne.

Itace, da kara, da gawayi, da kananzir, da esansi, dukansu akwai wani abu cikinsu da ake kira karbon. Baƙin nan na gawayi shi ne karbon. In wuta ta samu iska isasshiya, karbon ya haɗu da oksijan sosai, sai a samu gaz karbonik, irin iskar da mu ma muke fitarwa in mun yi numfashi, irin kuma wadda ke tashi cikin kwalbar lemo. Tare da ita sai tururin ruwa. Kowace shekara nakan gwada wa yarana wannan a aji: in kunna kyandir, in kife masa kofin gilas. Ba a jimawa sai ya mutu, domin oksijan ya ragu, in an duba cikin kofin kuwa sai a ga ya yi raɓa. Yara kan yi ta mamaki, wai wuta ta haifi ruwa. Wannan ita ce ƙonewa mai kyau, kuma gaz karbonik kaɗan ba ta kisa.

Amma in iska ta gaza, wuta ba ta cika mutuwa nan da nan kamar kyandir. Gawayi musamman, sai ya yi ta ci a hankali ƙarƙashin toka har asuba. A nan karbon ba ya samun oksijan da ya ishe shi, rabi yake samu, sai wata iska dabam ta fito, wadda likitoci ke kira monoksid na karbon. Ni zan kira ta iskar gawayi don sauƙi, ko da yake ba gawayi kaɗai ke ba da ita ba. Jama'a, a kan wannan iska nake so in daɗe, domin ita ce mai kisa. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano, ba ta sa hawaye, ba ta sa tari. Gawayin da ya yi jajir, wanda muke cewa ya gama hayaƙi, a shigar da shi ɗaki, yana nan yana fitar da ita.

Ga yadda take aiki. Cikin jininmu akwai wani abu ja, emoglobin, shi ne jakin da ke ɗaukar oksijan daga huhu ya kai wa ƙwaƙwalwa, da zuciya, da sauran jiki. To, wannan jaki ya fi son iskar gawayi bisa ga oksijan sau fiye da 200. Da ta shiga huhu sai ta hau, ta ƙi sauka. Mutum yana numfashi, ƙirjinsa na tashi yana sauka, amma jininsa ba ya kai kome. Wani likitan Faransa, Kulod Bernar, shi ya bayyana wannan tun a shekarun 1850. In iskar nan ta kai kashi 1 cikin 100 na iskar ɗaki, mintoci kaɗan suke isa a rasa mutum. In ba ta kai haka ba, sai ta ɗauki sa'o'i tana taruwa cikin jini, dare kuwa yana da tsawo.

Alamunta na farko su ne ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, da mutuwar jiki, da barci mai nauyi. Kun ji, duk abin da muke cewa zazzaɓi ne, ko gajiya, ko an ci wani abu. Mugun abin shi ne tana fara kashe ƙafafu da hankali, har mutum ya ji ba daidai ba amma ya kasa kai hannu ga ƙofa. Wanda ke barci kuwa ba ya ma farkawa. Sai da safe a ɓalle ƙofa a tarar da mutum biyu ko uku kwance, babu rauni, babu jini, sai a shiga zargi. Wani ya ce sammu, wani ya ce guba aka sa a tuwo, wani ya ce ɗakin ne ke da iskoki. Na ƙarshen nan ya kusa gaskiya, sai dai ba irin iskar da yake nufi ba ce. Zumunci yakan ɓaci a kan irin wannan mutuwa, a tsani matar da ta yi tuwo, alhali mai laifin yana cikin kasko a gindin gado. Ga abin da za a lura da shi: in mutanen ɗaki guda suka tashi da ciwon kai tare, babu zafin jiki, kuma suka ji sauƙi da suka fita waje, to, a tuhumi wuta kafin a tuhumi mutum. Kada kuma a ce wannan abin talaka ne ko na wanda bai yi lakwal ba. Emil Zola, babban marubucin Faransa, iskar nan ce ta kashe shi cikin ɗakin kwanansa a birnin Pari a 1902, saboda hanyar fitar hayaƙi ta toshe. Matarsa da ke ɗakin da ƙyar aka ceto ta.

Na san wani dattijo zai ce, yaro, mu da wuta muka kwana duk ɗarin duniya, ga mu kuwa. Gaskiya ne, Baba. Amma a wane ɗaki? Ɗakin da kuka kwana na kara ne da ciyawa, ko na ƙasa mai jinka, ƙofarsa asabari ko tufaniya. Irin wannan ɗaki numfashi yake yi. Hayaƙi ya bi ta jinka ya fita, iska ta kutso ta ƙarƙashin ƙofa. Yau ɗanka ya tafi bida, Allah ya ba shi, ya aiko aka gina maka ɗakin siminti, aka rufa da kwano, aka sa ƙofar ƙarfe da taga ta ƙarfe. Da hunturu ya busa sai a cusa tsumma a duk wata kafa saboda ƙura da sanyi. Alheri ne ɗan ya yi, Allah ya yi masa albarka, amma ɗakin ya zama tulu mai marfi. Bari mu yi lissafi irin na aji. Kilo guda na gawayi, kafin ya ƙone sarai, yana bukatar iska kimanin mita 9 zuwa 10, ina nufin mita mai tsawo da faɗi da bisa. Ɗaki mai mita 3 ta kowane gefe iskar da ke cikinsa mita 27 ce duka duka. A cikinta mutum huɗu za su yi numfashi har safe, ga kasko yana jan nasa. Tun kafin oksijan ya ƙare, gubar da kaskon ke saki ta riga ta taru.

Ƴan'uwana ƴan ci-rani, ku abin ya fi shafa. Mun san yadda ake kwana a wurin bida: mutum shida, mutum takwas cikin shago guda, an sauke ƙofar ƙarfe an datse ta ciki saboda ɓarayi. An sha shayi, an bar furno da sauran garwashi don ɗaki ya yi ɗumi. Waɗanda ke Agadas, da Jado, da Libiya, da Aljeriya sun san sanyin can ba irin namu ba ne, shi ya sa suka fi kowa shigar da wuta. Waɗanda ke Kano da sauran biranen Najeriya kuma ga janareta, wanda muke ce wa gurup. Ana shigar da shi zaure ko cikin shago don kada a sace. To, ku sani hayaƙin gurup, da na babur, da na mota, cike yake da iskar gawayi, kuma ƙaramin gurup guda ya isa ya cika ɗaki da ita cikin ɗan lokaci. Ko a bakin taga aka ajiye shi, in bututunsa na duban ɗaki, shiga take yi. Gara a sayi sarƙa da kwaɗo a ɗaure shi a fili, nesa da ƙofa. Garwashin shisha da samari suka ɗauko, shi ma gawayi ne, hukuncinsu ɗaya.

Akwai wani wuri kuma da ba a cika tunawa da shi ba, watau rijiya. Masu haƙar rijiya na da wata dabara ta tun da: kafin mutum ya sauka tsohuwar rijiya sai a zura fitila da igiya, in ta mutu a ƙasa, ba a sauka. Dabara ce mai kyau, kuma ilimi ya yarda da ita, domin gaz karbonik ta fi iska nauyi, takan kwanta a gindin rami ta kore oksijan. Amma yanzu masu lambu a fadamun Korama da sauran wurare suna da injin ban-ruwa, in ruwa ya yi nisa kuwa sai a saukar da injin cikin rijiya ko cikin ramin da aka haƙa masa. In injin ya yi aiki a can, ramin ya cika da iskar gawayi. A nan fitila ba za ta gaya maka gaskiya ba. Tana iya ci lafiya lau cikin iskar da za ta kayar da ƙato, domin ɗan kaɗan na gubar ya isa, oksijan kuwa bai ƙare ba. Abin da kan biyo baya shi ne mafi ciwo: na farko ya faɗi, ɗan'uwansa ya sauka ceto shi ma ya faɗi, na uku ya bi. Kada a sauka ramin da inji ya yi aiki sai an kashe shi an bar ramin ya sha iska sosai, mai sauka kuma da igiya a ƙugunsa, da mutane riƙe da ita a bisa.

In Allah ya sa aka tarar da mutum ya suma cikin ɗakin da aka kwana da wuta, abin yi na farko shi ne a buɗe ƙofa da taga, a jawo shi waje nan take, mai jawowa kuma kada ya daɗe ciki. A kwantar da shi bisa gefensa don kada amai ya shaƙe shi. Kada a ɗura masa nono, ko fura, ko man ja. Nono ba ya wanke jini, mutumin da ba ya cikin hayyacinsa kuwa abin da aka ɗura masa huhu yake tafiya. Kada a yi masa turare, hayaƙi ne ya kayar da shi. A nemi babur ko mota a kai shi likita, in da hali asibitin Magarya, a gaya musu a fili cewa da gawayi ya kwana. Maganinsa oksijan ne. Da iskar waje kawai, sai an yi awa 4 zuwa 5 kafin rabin gubar ya fita daga jini. In an sa masa oksijan tsantsa, awa guda da ɗan wani abu ta isa. Ko ya farfaɗo ya ce ya warke a kai shi, musamman mace mai ciki, domin jinin ɗan da ke cikinta ya fi nata riƙe gubar.

Iyayenmu mata, ku gafarce ni in taɓa ɗakin maijego. Ban zo hana ɗumi ba. Roƙona shi ne kada a rufe maijego da jariri ruf da garwashi. Jariri ya fi babba saurin numfashi, ba ya kuma iya cewa kaina na ciwo. Haka kuma goyon da ke bayan uwa tana tuƙa tuwo cikin madafa maras taga. Hayaƙin itace ba ya cika kisa dare ɗaya, amma a cikinsa akwai iskar gawayi, da wata ƙura baƙa mai laushi ƙwarai wadda ke shiga can ƙuryar huhu ta zauna. Ita ke jawo wa yara ciwon haƙarƙari, ta bar tsofaffin mata da tari da jan numfashi da ciwon ido. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa a 2020 hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum kimanin miliyan 3.2 a duniya, fiye da 237,000 daga ciki yara ne da ba su kai shekara 5 ba. Ɗanyen itace ya fi busasshe hayaƙi, domin wuta na ɓata ƙarfinta wajen busar da shi. Murhun da ya tattara wuta, irin Mai Sauƙi da aka yaɗa a ƙasar nan tun shekarun 1980, yana rage cin itace. Amma mafi arha duka shi ne a yi girki inda iska ke ratsawa, a sauke goyo a ba yayarsa.

Yanzu sai abin da muke ba wuta ta ci, wanda kakanninmu ba su sani ba. Na farko leda. Ta zama ashanar kowane gida: itace ya ƙi kamawa, sai a tura leda. Leda daga man fetur aka yi ta, in tana ci tana ɗiga tana baƙin hayaƙi, mai hura wutar kuwa fuskarta na kai, tana shaƙa. A 2014 an yi doka a Nijar wadda ta hana shigo da leda maras kauri, da sayar da ita, da aiki da ita. Wanda ya ci kasuwar Magarya ya san inda dokar ta tsaya. Amma ba duk roba ce ɗaya ba. Akwai wadda ake kira PVC, da ita ake yin tiyon ruwa, da rigar wayar lantarki, da waɗansu takalman roba. Fiye da rabin nauyinta wani abu ne da ake kira kulor. In ta ƙone sai ta saki iska mai yaji, wadda da ta taɓa danshin ido ko na maƙogwaro sai ta zama asid. Yaran da ke ƙona waya don su fid da jan ƙarfe su sayar, wannan suke shaƙa. Banda haka, in aka ƙona juji mai irin wannan roba a hankali, akan samu wata guba da ake kira diyoksin. Ita ba ta watsewa ta ɓace. Sauka take bisa ƙasa da toka, kaji su tona, awaki su lasa, ta taru cikin kitse, da ƙwai, da nono, ta komo mana cikin akushi. An tabbatar akwai mai kawo ciwon daji a cikin irinta. Saboda haka tokar juji ba tokar kara ba ce, kada a kai ta lambu, kada a tace ta a sa a miya.

Tsohuwar taya kuma da farar wuta aka haɗa robarta. In ta ƙone tana ba da iskar farar wuta, mai warin nan da ake ji in an ƙyasta ashana, ga baƙin hayaƙi mai maiƙo wanda ke manne wa duk abin da ya taɓa. Iskar farar wuta tana shaƙe ƙirji, mai asma kuwa ita ce abokiyar gabarsa. A watan Disamba na 1952 hayaƙin kwal mai irin wannan iska ya rufe birnin Landan kwana biyar, lissafin farko ya nuna mutum wajen 4,000 suka mutu. Ina roƙon ƴan'uwanmu mahauta, a nan da wurin bida, kada a babbake kai da ƙafa da ganda da wutar taya. Na san ta fi itace arha, ta fi shi ƙarfi, amma abin da ya manne wa fatar nan cikin mutane yake tafiya.

Katifar soso ma tana da nata. Cikinta akwai azot, kamar yadda yake cikin gashi, da ulu, da fata, da ƙaho. In irin waɗannan suka ƙone sukan saki iskar siyanir, dangin gubar nan da masu zinariya suka sani. Gashi kaɗan da ya faɗa wuta wari kawai zai yi. Amma katifa guda in ta kama cikin ɗaki, hayaƙinta na iya kayar da mutum tun harshen wuta bai taɓa shi ba. Shi ya sa nake koya wa yarana, in gobara ta tashi a duƙa ƙasa a rarrafa a fita, domin hayaƙi mai zafi bisa yake tashi, kada kuma a koma ɗauko kome. Mu malamai ba mu manta da 2021 ba, shekarar da azuzuwan zana suka kama wuta a Yamai cikin watan Afrilu, yara kimanin 20 suka rasu, suka sake kamawa a Maradi cikin Nuwamba, aka rasa aƙalla 25. Allah ya jiƙansu.

Tun da na ambaci zinariya: tun da aka gano ta a Jado a 2014 samarinmu da yawa sun bi wannan hanya. Masu haɗa zinariya da zaiba, wadda suke kira merkir, su ƙona don zaibar ta tashi ta bar zinariya, su sani tururin nan ba shi da wari, kuma ƙwaƙwalwa da ƙoda yake ci. Rawar hannu da mantuwa su ne alamunsa. Kada a yi wannan aiki cikin ɗaki ko bukka, balle bisa murhun da ake dafa abinci. Haka nan gwangwanin maganin ƙwari na gona, da buhunsa, da matattun batura, ba a jefa su wuta.

Gaz ɗin girki fa? Tun da aka buɗe matatar mai ta SORAZ a arewacin Damagaram a 2011, tukunyar gaz ta shiga gidaje da yawa, har waɗansu sun kawo wa iyayensu. In tana ci da harshe shuɗi, abin da take fitarwa gaz karbonik ne da tururin ruwa, ta fi itace da gawayi tsabta nesa ba kusa ba. In harshen ya koma ruwan ɗorawa yana baƙanta tukunya, to, iska ba ta isarsa, ya shiga ba da iskar gawayi, sai a share kan murhun. Warin da ake ji in tana yoyo, da gangan aka zuba mata shi don a gane. Ta fi iska nauyi, ƙasa take kwantawa. In an ji warin, kada a ƙyasta ashana, kada a taɓa makunnin lantarki, a rufe ta a buɗe ƙofa.

Saura gona, a nan kuwa dattawa sun fi ni sani, kalma biyu kawai zan ƙara. In muka tara kara da ganye lokacin sharar gona muka cinna wuta, tokar da ta rage tana da amfani, akwai potas a ciki, in iska ba ta kwashe ta ba. Amma azot ɗin da ke cikin karan, mafi yawansa sama yake tashi. Azot ɗin nan kuwa shi ne muke saye da tsada cikin buhun takin zamani. Haka kandilon shanu in ya shiga murhu: hayaƙi ga mai girki, gona kuma ta rasa takinta. Ban ga laifin macen da ta ƙona shi ba, ba ta samu itace ba ne. Ƙasarmu ta Magarya, da Matamai, da Mirya ta yi suna har ƙasashen waje saboda gawon da manoma suka bari ya tashi cikin gonaki tun daga shekarun 1980. Gawo yana jawo azot daga iska ya ba ƙasa. Ba daidai ba ne gawo ya tara mana, mu kuma mu mayar wa iska da ashana guda.

Ranka ya daɗe shugaba, ga abin da nake roƙon ƙungiya ta duba a zama mai zuwa. A yi magana da maginan garin nan, duk ɗakin kwano da za a gina a bar masa kafar iska biyu, ɗaya can bisa kusa da rufi, ɗaya a bangon da ke dubanta, a sa musu raga saboda sauro, kada kuma a toshe su da ɗari. Ɗakunan da aka riga aka gina wa tsofaffi, masu aiko da kuɗi su ƙara ɗan abin da za a huda bango, su haɗa da bargo. A ɗumama ɗaki da garwashi tun da magariba ƙofa a buɗe, a fitar da kaskon waje kafin a kwanta. Waɗanda za su koma Damagaram, da Kano, da Agadas bayan kasuwa, kowa ya ɗauki takardar nan guda, ya karanta wa ƴan ɗakinsu tun daren da ya sauka. Kyandir da kofin gilas kuma suna nan a aji, dattijon da ke son gani da idonsa ya biyo lakwal ranar da ya samu sarari.